Ina Ajiyarmu Take Kwana?

[Kiɗan buɗe shiri]

Masu saurarenmu na cikin garin Tawa, daga Bilbis zuwa Garkawa da Wadata, da na arewacin Adar, Kalfu, Barmu, Afala, Bambai, Takanamat, har makiyayan da ke kama mu a kan hanyar Abalak da Cintabaraden, barkanku da warhaka. Shirinmu na yau a kan salula yake, amma ba a kan kira ko tsadar mega ba. Maganar abin da muke zubawa a cikinta za mu yi: hotunan suna da na aure, muryoyin ƴan uwanmu da ke bida, hoton takardar gona, lissafin bashin kanti, karatun malam. A ina abubuwan nan suke kwana, kuma a hannun wa?

Duk wanda ya ratsa kasuwar Tawa ranar Lahadi ya san rumfunan masu gyaran salula da masu tura waƙoƙi. Ɗan tebur ne da gilashi a gaba, an jera matattun wayoyi a ciki, wasu ba murfi, wasu batir ya kumbura har ya ɗaga bayansu. A gefe ga kwamfuta, fankarta na kuka saboda ƙura, an jona mata diski biyu ko uku. Cikin diskin nan akwai fina-finan Kano, da na Indiya masu fassara, da wa'azi da tafsirin azumi, da kokowar takobi ta shekaru da dama, da gitar Abzinawa. Mutum ya shigo daga ƙauye, ya sai da akuyarsa, ya ciro katin memwa daga bayan waya, ɗan abin da bai wuce farcen ƙaramin yatsa ba, ya miƙa, ya biya ƴan daloli, a cika masa. Ya koma gida da abin sauraren wata guda, bai taɓa intanet ba.

In ka daɗe a bakin rumfar za ka ga wani irin baƙo kuma. Dattijuwa ce, ta kwance matacciyar waya daga bakin zane. Maganar da masu gyara ke ji kusan kullum ita ce: "Ɗana, ba wayar ad damuwata ba, muryar yaron nan da ke ciki." Yaron yana Libiya ko Abijan, ya turo saƙon murya, bokal ɗin nan, tana kunnawa in kewa ta taso mata. Mai gyara zai tambaya: "Inna, a kati yake ko a cikin waya?" Ba ta sani ba. "To adireshin Google ɗinki fa, da kod ɗinsa?" Wanda ya sayar da wayar shi ya buɗe mata, bai rubuta mata komai ba, wataƙila shi ma ya manta. Mai gyara na iya canza gilashi, ya canza batir, ya gyara bakin caji. Amma in ƙwaƙwalwar wayar ce ta ƙone, sai dai ya ba ta haƙuri.

A kan wannan ne ra'ayoyin mutane suka rabu, kuma ina jin su a fada, a tasha, a bakin masu shayi. Matasa, musamman ƴan lakwal da ɗaliban jami'ar Djibo Hamani, za su ce maka maganar ta wuce: komai ya hau Google, waya ta faɗi rijiya ma ba komai, ka sayi wata, ka sa kod, kayanka su dawo. Dattawa kuma su ce abin da ba ka riƙe a hannunka ba, ba naka ba ne. Akwai kuma wasu ƴan tsiraru, masu son ƙere-ƙere, da suka fara cewa kowane gida ya kamata ya mallaki kwamfutar ajiyarsa, ya daina dogara da kamfanonin waje. Kowannensu yana da gaskiyarsa, kuma kowanne akwai abin da ya tsallake.

Mu fara da maganar matasa. In aka ce hotonka ya hau intanet, ba a iska yake ba. Yana cikin wata kwamfuta, a wani ƙaton gini mai sanyi da masu gadi, galibi a Turai ko Amurka. Nijar ba ta da teku, don haka kafin ka kai ga ginin nan sai saƙonka ya bi eriyar Airtel, ko Moov, ko Zamani, ko Niger Telecom, ya bi igiyar ƙasa zuwa Benin ko Najeriya ko wata maƙwabciya, sannan ya shiga igiyar da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku. Hanya mai tsawo ce, kuma mun ga ranakun da ta yanke. Ranar 24 ga Fabrairun 2021, bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa, an rufe intanet ɗin salula a Nijar kimanin kwana goma. Ranar 4 ga Oktoban 2021, Facebook da WhatsApp da Instagram suka tsaya cik a duniya baki ɗaya wajen awa shida. Ranar 14 ga Maris na 2024 kuma, igiyoyi huɗu suka lalace a teku daura da Kodibuwa, ƙasashen bakin ruwa da dama suka wayi gari intanet ya yi rauni ko ya ɗauke, ƴan bidarmu na can sun sha wannan. Mu nan arewa ma ba sai an je da nisa ba: akwai ƙauyukan da sai ka hau tudu kafin ka samu rezo. Zuwan Starlink Nijar a 2025 ya buɗe wata sabuwar hanya ta sama ga mai hali, amma hanya kawai ya canza, ajiyar tana nan inda take.

Sai dai a faɗi gaskiya, manyan kamfanonin nan sun fi mu iya ajiya nesa ba kusa ba. Suna kwafin abu a gine-gine daban-daban, suna da injiniyoyi dare da rana. Hoton da ke wajensu ya fi na aljihunka tsira daga ɓarawo da ruwa da wuta. Duk da haka ba su fi ƙarfin hasara ba. A watan Maris na 2021 gobara ta cinye ginin ajiya na kamfanin OVH a Strasbourg ta Faransa, waɗanda ba su da kwafi a wani wuri suka rasa kayansu. A 2019 kamfanin MySpace ya amsa cewa waƙoƙin da mutane suka ɗora masa tsawon shekara goma sha biyu sun salwanta wajen sauya kwamfutoci.

Abin da ya fi shafarmu shi ne sharuɗɗa, don mai gida shi ke sa doka. Google yana ba kowa giga 15 kyauta. A da hotuna ba sa cikin lissafin nan, amma daga 1 ga Yunin 2021 suka shiga. Daga 2024 ajiyar WhatsApp ta wayoyin Android ita ma ta shiga cikin gigan nan 15. In ya cika, ajiya ta tsaya, kuma mutane da yawa ba sa lura. Ƙarin wuri sai da kuɗi duk wata, da katin banki wanda akasarinmu ba mu da shi. Sannan Google ya sanar cewa daga Disamban 2023 yana iya goge adireshin da ya shekara biyu ba a taɓa shi ba. Shi kuwa WhatsApp, wanda muke ɗauka ma'ajiya ce, ba ya riƙe saƙon da ya riga ya isa. Da zarar bokal ya sauka a wayarka, to a wayarka yake. In ba ka kunna ajiya ba, waya ta mutu, ya tafi da ita. Kuma dukan wannan ginin a kan abu biyu yake tsaye: kod da lambar layi. Wanda bai san kod ɗinsa ba, kuma layinsa ya daɗe ba aiki har kamfani ya ba wani, ba shi da hanyar shiga, ko da kayansa suna can lafiya lau.

[Gajeren kiɗa]

To mu dawo ga dattawa, masu cewa a riƙe a hannu. Su ma suna da hujja mai ƙarfi, kuma daga jiharmu ta fito. Mdou Moctar, makaɗin gitar nan ɗan yankin Abalak da Cintabaraden, a 2008 ya je Sakkwato ya ɗauki waƙoƙinsa na farko, waɗanda aka sani da Anar. Ba kamfanin da ya fitar da su kasuwa a lokacin. Daga waya zuwa waya suka bi, ta Bluetooth da katin memwa, a tasha, a bayan manyan motoci, a bakin rijiya, har suka tsallaka Mali. A can, a garin Kidal, wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley yana kwashe waƙoƙi daga katunan mutane ya ci karo da ɗaya daga ciki. A 2011 ya fitar da tarin da ya kira Music from Saharan Cellphones, ya bi sawu har ya gano mai waƙar. Yau Mdou Moctar yana wasa a manyan dandali na Turai da Amurka. Abin lura a nan, waƙoƙin ba su rayu don kati yana da ƙarko ba. Katuna nawa suka mutu a hanya, Allah kaɗai ya sani. Sun rayu ne don suna cikin aljihu dubu. Wannan ya ɓace, wancan yana da shi.

Hoton sunan ɗanka kuwa ba ya cikin aljihu dubu. Yana cikin kati ɗaya tak, kuma katin memwa abu ne mai rauni. Yana riƙe bayani ne da ɗan cajin lantarki da aka kulle a cikinsa, cajin nan yana zurarewa a hankali, zafi kuma yana gaggauta shi. Mu da muke wuce digiri 40 a watan Afrilu da Mayu, katin da aka manta a aljihun mota ko ƙarƙashin kwano ba abin dogaro ba ne na shekaru. Kati ba ya gargaɗi. Jiya yana aiki, yau waya ta ce a goge shi kafin a yi amfani da shi. In kun ga wannan saƙo, don Allah kada ku danna amincewa. Ku cire katin, kada ku sake zuba masa komai, ku kai wa wanda ya iya. Sau da yawa ana ceto wani abu muddin ba a rubuta sabo a kan tsoho ba.

Ga kuma katin jabu, wanda ya cika kasuwanni ko'ina, ba a nan kaɗai ba. An rubuta masa giga 64 a jiki, waya ma ta nuna 64, amma ainihin cikinsa bai wuce 8 ba, ko ƙasa. An yi masa dabara ne ya riƙa faɗin ƙarya. Kana zubawa yana karɓa, in ya cika sai ya riƙa taka na farko, ko ya watsar da sabon. Sunayen hotuna suna nan reras, ka buɗe ka tarar ba komai. Sau da yawa shi kansa mai sayarwa bai sani ba, haka ya saro. Gwajinsa ba wuya: kafin ka ba shi amanar komai, a cika shi taf da fina-finai a kwamfutar mai turi, sannan a buɗe na farko, da na tsakiya, da na ƙarshe. In duka sun kunna, katin na gaske ne. Kati mai yawan giga da arhar da ta wuce hankali kuwa, ka bar shi a inda ka gan shi.

Don haka ni a ganina gardamar Google ko kati ba ita ce gardamar ba. Manomin Adar ba ya haɗa irin shuka da hatsin ci a wuri guda, yana ware zangarniyar da ta fi kyau ya ɓoye ta daban, don in gara ko gobara ta ci rumbu, damina ba za ta same shi hannu wofi ba. Haka ya kamata mu yi. Cikin abin da ke wayarka, kashi mafi yawa na ci ne: fim, waƙa, barkwanci, in sun ɓace ka koma kasuwa a sake tura maka. Abin da ba a sayarwa a kasuwa ɗan kaɗan ne, kuma shi ya cancanci wahala: takardar haihuwa, takardar gona da aka yi a gaban hakimi ko kwamitin filaye, difloma, rasit ɗin kuɗin da aka turo ta Nita ko Al Izza, hoton mahaifi, muryar wanda ya rasu. Waɗannan su zama suna wuri uku: a waya, a wani kati ko kile na USB da ba ya kwana cikin waya, sannan a wani wuri da ba gidanka ba. Wurin na ukun yana iya zama Google, yana iya zama akwatin ƴar uwarka a Kaita. Wanda ya ga ambaliyar daminar 2024, yadda ɗakuna suka zube a kan komai da ke ciki, ya san dalilin cewa ba gida ɗaya ba. Kuma duk bayan salla ko bayan girbi, a ciro katin ajiyar a duba yana buɗewa, a ƙara masa sababbi. In ya shekara biyu ko uku, a kwafe shi a sabo.

[Gajeren kiɗa]

Saura masu cewa a kafa kwamfutar ajiya a gida. Ga waɗanda ba su taɓa ji ba, ga yadda abin yake. Kwamfuta ce da ake bari a kunne, an jona mata babban diski, tana watsa wifi a cikin gida ko makaranta. Duk wayar da ke kusa tana iya shiga ta zuba hotuna, ko ta ɗauki littafi, ko ta kalli darasi, ba tare da ta ci mega ko ɗaya ba, ko da babu rezo a garin sam. Masana suna ce mata sabar. Ba lalle ta zama babba ba. Akwai wata ƴar ƙarama, Raspberry Pi, da aka fara fitarwa a Ingila a 2012, tana shiga tafin hannu, da cajar waya ma tana tashi.

Ina son wannan tunani, ba na ɓoyewa. Amma kafin kowa ya kashe kuɗinsa, mu yi lissafin wuta, don a nan ne abin ke tsayawa ko ya faɗi. Tsohuwar kwamfutar tebur, irin wadda ake samu ta hannu, tana cin wat 60 zuwa 100. In ta kwana ta wuni a kunne, ta sha kusan kilowat-awa biyu a rana. A mitar Nigelec wannan kuɗi ne duk wata, a sola kuma sai pano da yawa da manyan batura. Ƙaramar kuwa, da diskinta da wifinta, wat 10 zuwa 15 ya ishe ta, wato wat-awa 240 zuwa 360 a yini da dare. Pano ɗaya mai wat 100, a ranar Adar, in ana share masa ƙura, yana ba da wajen 400 zuwa 500. Ka ga ya ɗauke ta. Batir mai volt 12 da amfiya 100 yana riƙe wajen 1200, amma irin na ruwa ba a shanye fiye da rabinsa in ana so ya yi ƙarko, rabin nan kuma ya isa ya kai ta safe. Rana dai Allah ya hore mana. Ba banza ba tashar sola ta farko da aka jona da layin ƙasa a Nijar, mai megawat 7, a Malbaza aka buɗe ta a Nuwamban 2018. Mun kuma tuna Agustan 2023, da Najeriya ta yanke wutar da take ba mu har zuwa Maris na 2024, yadda mai ɗan pano a kan soro ya zama shi ake roƙo caji.

Yankewar wuta farat ɗaya ita ce babbar abokiyar gabar diski. In yana cikin rubutu wuta ta ɗauke, abin da yake rubutawa na iya lalacewa, wani lokaci har da tsarin diskin duka. Saboda haka ko a cikin gari, ta batir ya kamata na'urar ta sha, ba kai tsaye daga bango ba. Sai zafi: ɗakin ƙasa mai kauri ya fi ɗakin kwano nesa. Sai ƙurar hunturu, da ke toshe fanka har inji ya shaƙe. Diski mai juyawa kuma ba ya son girgiza, faɗuwa ɗaya daga tebur ta isa. Kuma kada a manta, kwamfutar gida ita ma wuri ɗaya ce. Wanda ya kwashe komai ya zuba mata ya goge sauran, bai tsira ba, ya dai canza abin da zai mutu da kayansa.

Amma abin da ya fi kashe irin waɗannan na'urori a ƙasarmu ba zafi ba ne, ba ƙura ba. Tafiya ce. Yaron da ya haɗa ta, ya san kod, ya san wace igiya ke shiga ina, bayan girbi ya ɗauki jakarsa sai Abijan ko Tamanrasat. Ran da ta tsaya, ba mai taɓa ta. A lulluɓe ta da ƙyalle, wata rana a cire batirin a kai wa fitila. Mun ga kayan aikin da ƙungiyoyi suka kawo makarantu da gidajen likita sun ƙare a haka. Don haka tambayar farko ba nawa ne kuɗinta ba, wa zai kula da ita a watan Maris, lokacin da samari suka watse? In amsar babu, a dakata. In akwai, to su zama mutum biyu, kuma ina ba da shawara ɗaya ta zama mace ko malamin da ke zaune, a rubuta komai a littafi da harshen da suke karantawa, boko ko ajami.

Shi ya sa nake cewa ga gida guda, mai waya biyu ko uku, kwamfutar ajiya nauyi ce da ba ta zama dole ba. Kati biyu na gaske da adireshin da ka san kod ɗinsa sun wadatar. Inda take da amfani na haƙiƙa shi ne inda jama'a ke tarayya. Ɗauki makarantar sakandare a Barmu ko Takanamat, inda littafi ɗaya ke zagaya ɗalibai da yawa. Akwai manhaja mai suna Kiwix, kyauta ce, tun 2007 ake amfani da ita, tana ɗauke Wikipedia baki ɗaya, ta Faransanci, ta Larabci, har ta Hausa, a zuba a diski a karanta ba intanet. A 2012 wani shiri mai suna Afripédia ya fara kai irin wannan jami'o'in Afirka masu aiki da Faransanci. A kan na'ura ɗaya malamai na iya ƙara tsoffin jarrabawar BEPC da BAC, da darussan da suka rubuta da hannunsu. Sau ɗaya za a sauko da su a Tawa inda rezo ke da ƙarfi, a kai ƙauye a aljihu. Haka ƙungiyar manoman albasa da lissafinta, haka makarantar malam da karatun shekara da shekaru da almajirai suka ɗauka a wayoyi daban-daban, kowa da guntunsa.

Gidajen rediyo irin namu ma maganar ta hau kanmu. Hirarrakin da aka yi da tsofaffi a kan tarihin Adar, kan yunwar 1984, kan aikin gyaran ƙasa na Kaita, masu maganar da yawa sun riga mu gidan gaskiya. Djibo Hamani, da ya rubuta tarihin Adar a 1975, bakin dattawa ya bi gari gari. Abin da aka ɗauka a yau shi masu bincike na gobe za su nema, kuma bai dace ya dogara da diski ɗaya a kwamfutar ɗakin shiri ba.

[Gajeren kiɗa]

Akwai wani gefe da ba a cika faɗa ba, shi ne amana. Masu son ajiyar gida suna cewa kamfanonin waje na leƙen mu, suna sanin inda muke da abin da muke so don su sayar da talla. Gaskiya ne. Amma ga mace a Tawa, wanda ya fi kusa da tona mata asiri ba injiniyan Amurka ba ne. Wanda ta miƙa wa waya a buɗe don gyara ne, ko ɗan uwan da ke riƙe da kwamfutar gidan yana ganin abin da kowa ya zuba. Akasarin masu gyara mutanen kirki ne masu tsoron Allah, amma ɓata-gari ɗaya ya isa ya rushe aure. Iyayenmu mata da ƙannenmu, in za ku kai gyara ku cire kati da layi tukuna. In gyaran gilashi ne ko bakin caji, ba ya bukatar kod ɗinku, in kuma dole sai an buɗe, a buɗe a gabanku. Ku kuma masu gyara da masu turi, abin da kuka gani a wayar mutane amana ce, kwafe shi cin amana ne a addini, kuma laifi ne a doka. Nijar ta kafa dokar kare bayanan mutane tun 2017, aka kuma ɗora wa hukumar HAPDP aikin. Duk wanda zai kafa na'urar tarayya, ya ware wa kowa ɗakinsa da kod ɗinsa, kuma ya faɗa wa mutane ƙarara abin da shi mai kula yake iya gani.

A WhatsApp kuma akwai lamba shida da kamfanin ke turowa ta saƙo in ana son buɗe shi a sabuwar waya. Duk wanda ya kira ya ce ka karanta masa ita, ko ya ce shi ma'aikacin kamfani ne, ko ya ce kuskure ya yi, ɓarawo ne. Da ita zai ƙwace lambarka ya shiga roƙon kuɗi wajen ƴan uwanka da sunanka. A cikin saituna akwai wurin sa lambar sirri ta biyu, wadda kai ka zaɓa. Minti biyu ne aikin, a sa yaro ya nuna maka, amma kai za ka danna lambar da hannunka.

Abu na ƙarshe, kuma mai nauyi. Dattawa sun tuna lokacin da ɗan bida ke ɗaukar muryarsa a kasat, ya ba mai zuwa gida, a taru a tsakar gida a saurara. Wasu kasat ɗin suna nan a akwatunan ƙarfe, shekara talatin, in an samu rediyon da ke juya su za su yi magana. Bokal ɗin shekara biyar da suka wuce kuwa, gidaje nawa ke da shi? Mai irin kasat ɗin nan ya nemi a juye masa shi a kati tun zaren bai manne ba, kuma ya riƙe kasat ɗin, kada ya yar.

In kuma Allah ya yi wa mutum rasuwa, wayarsa tana cikin abin da ya bari. A cikinta akwai wanda yake bi da wanda ke bin sa, akwai hoton takardun da magada za su nema. Abin da aka saba shi ne bayan addu'ar bakwai a goge ta a ba ƙane. Kada a yi gaggawa. A bar layin a ciki, a riƙa sa masa ɗan kuɗi don kada kamfani ya karɓe lambar, a riƙa kunna ta tana hawa intanet, don WhatsApp yana goge rajistar da ta yi kwana 120 ba ta motsa ba. A samu mutum biyu daga cikin magada su zauna tare, su kwafe abin da ya shafi dukiya da abin tunawa, abin da yake sirrin mamaci kuma su rufe masa. Duk wannan ba ya yiwuwa in ba wanda ya san kod. Saboda haka mai gida, da uwar gida, ku rubuta kod ɗin waya da adireshin Google da nasa kod ɗin a takarda, ku naɗe, ku sa inda takardar gona take, ku shaida wa mutum ɗaya da kuka yarda da shi. In kun canza kod, ku canza takardar.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu, za mu zauna da masu haɗa sola, mu ji dalilin da ke sa batir ɗin shekara uku ya mutu a wata takwas, da yadda ake gane pano na gaske. Mai tambaya ya aiko ta lambar gidan rediyo, ko ya ba wakilinmu ranar kasuwa. A huta lafiya.

[Kiɗan rufe shiri]